Darasi: Idan Na'urar Sautin Jita Tana Ɗaukewa a Kan Wutar USB

Makaɗin jita na wannan zamani da wuya ya haɗa jitarsa kai tsaye da amfilifaya. A tsakaninsu akwai wani akwati da ake ajiyewa a ƙasa ana taka shi da ƙafa, shi ke ƙara wa sautin kauri, ko amsa-kuwwa, ko kaushin nan da ake ji a jitar makaɗan Agadas. Da can kowane irin sauti da nasa ɗan akwatin. Tun wajejen 1990 kamfanoni irin su Boss da Zoom suka riƙa haɗa sautuka masu yawa cikin na'ura guda, yau kuma za ku same ta a situdiyon Kano da Kaduna, da majami'un Jos, da wuraren biki a Yamai. Makaɗa kan ce mata fedal. Yawancin na yanzu suna da ramin USB, wasu ma ta nan suke cin wuta.

Darasin nan zai koya muku gano abin da ke sa fedal ya mutu ya sake tashi, ko fuskarsa ta riƙa ƙiftawa, ko ya riƙa fitar da ƙara idan an haɗa shi da USB. Ba sai kun kwance shi ba. Lissafi kaɗan ake bukata, da haƙurin sauya abu ɗaya kafin a taɓa na biyu. Ku riƙe magana guda tun daga nan: galibi fedal ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar da wuta ke bi ta iso masa ce ke da ciwo. Abin takaici ne makaɗi ya sayar da na'ura mai kyau a wulaƙance, ko ya kai a farke masa ita, alhali waya ce ta kuɗi ƙalilan ta gaza.

Me ya sa yake mutuwa farat ɗaya

Tsofaffin akwatunan da ba su da kwamfuta a ciki suna da haƙuri. Idan batirinsu ya yi sanyi, sauti ya kan raunana a hankali, makaɗi ya ji a kunnensa tun da sauran lokaci. Fedal na zamani kuwa ƙaramar kwamfuta ce. Tana mayar da sautin jita lambobi sau dubbai a kowace daƙiƙa, ta yi musu lissafi, ta sake mayar da su sauti. Kwamfuta ba ta san rabin aiki ba. Da zarar ƙarfin wuta ya faɗi ƙasa da iyakar da aka yanka mata, ko da na ƙiftawar ido ne, sai ta kashe kanta ta fara daga farko. Shi ya sa ake ganin tambarin kamfani ya sake fitowa a fuskar fedal ana tsakiyar waƙa.

Wannan tambarin shi ne shaidarku ta farko. Matsaloli uku ne suke shigowa ta wayar USB, ana kuma yawan ruɗa su da juna. Idan fuskar ta ɗauke, tambari ya dawo, wuta ce ta gaza. Idan fuskar na nan a kunne, sauti na fita a amfilifaya, amma kwamfuta ta daina ganin fedal ɗin, layin bayanai ne ya yanke. Idan komai na aiki sai dai ana jin gunji ko tsiwa a lasifika, to maganar wayar ƙasa ce, kuma maganinta dabam yake. Kafin ku taɓa komai, ku sa ido a fuskar fedal lokacin da abin ke faruwa.

Iyakar wutar da ramin USB ke bayarwa

USB ya fito a 1996, an kuma ƙirƙiro shi don linzamin kwamfuta da allon rubutu da makamantansu, abubuwan da ba su cin wuta sosai. Ƙarfin wutarsa bolt 5 ne. A ƙa'idar USB 2.0, wadda ta fito a 2000, rami ɗaya yana bayar da miliamfa 500, wato rabin amfa, kuma ana sa ran ƙarfin wutar ramin mai cikakken ƙarfi ya tsaya tsakanin bolt 4.75 da 5.25. USB 3.0 na 2008, wanda sau da yawa ake gane shi da shuɗin harshe a cikin ramin, ya kai miliamfa 900. USB-C, mai siffar ƙwai wanda ake sa shi ta kowane ɓangare, ya zo a 2014, yana kuma iya bayar da amfa 1.5 ko amfa 3 a bolt 5.

Idan aka ninka bolt da amfa ana samun wat. Ramin USB 2.0 ke nan wat 2.5 ne kacal. Ku riƙe wannan lambar, za mu yi amfani da ita.

Tambayar da ya kamata a fara yi, wadda mutane ke tsallakewa, ita ce ko fedal ɗin yana cin wuta ta USB tun asali. Ba kowane ramin USB ba ne ƙofar wuta. Zoom G1 Four, alal misali, yana aiki da batir huɗu masu girman AA, ko adafta ta bolt 9, ko USB. Line 6 HX Stomp kuwa da adaftarsa ta bolt 9 mai amfa 3 yake zuwa, ramin USB ɗinsa na tura sauti da bayanai ne kawai. Ku juya fedal ku karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa ko kusa da ramin wuta, ku duba littafinsa. Lambar da aka rubuta kafin haruffan mA, wato miliamfa, ita ce cinsa. Idan ta haura 500, ramin USB 2.0 ba zai ɗauke shi ba, ko da wace waya aka yi amfani.

Waya

Nan ne mafi yawan matsalar take, don haka za mu daɗe a nan.

Ku samo matacciyar wayar USB ku yanka ta da reza ku duba cikinta. Za ku ga 'yan wayoyi huɗu: ja da baƙa su ke ɗaukar wuta, fara da koriya su ke ɗaukar bayanai. Ku fere jar ku ƙirga silin jan-ƙarfen da ke ciki. A waya mai araha za ku tarar da 'yan silalla kamar gashi, robar ce kawai ta yi kauri don ta ruɗi mai saye. Wata wayar ma biyu kawai za ku gani, ja da baƙa. Wannan ta caji ce zalla: fedal zai kunnu, kwamfuta kuwa ba za ta taɓa ganinsa ba.

Ku ɗauki wuta kamar ruwa a tiyo. Bolt shi ne matsin ruwan, amfa kuma yawan ruwan da ke wucewa. Tiyo siriri mai tsawo, muddin an toshe bakinsa, matsinsa daidai yake da na famfo. Sai an buɗe ruwa ya fara gudu sannan matsin ke faɗuwa, kuma iya yawan ruwan da aka ja, iya faɗuwarsa. Haka waya take. A auna ta babu komai a jikinta, za a ga bolt 5 cif. A haɗa fedal ya fara ja, sai wani kaso ya ɓace a hanya.

Ana auna kaurin waya da lambar AWG, kuma iya girman lambar, iya sirantar wayar. Wayoyi masu kirki kan rubuta lambar a jikin robarsu, misali 28AWG/24AWG, ta farko ta bayanai, ta biyu ta wuta. Jan-ƙarfe mai lamba 28 yana da tirjiyar kusan om 0.21 a kowace mita. Mai lamba 24 kusan om 0.084. Ga lissafin. Waya mai tsawon mita 2, wuta za ta tafi ta ja ta dawo ta baƙa, tafiyar mita 4 ke nan. Idan lamba 28 ce, tirjiyarta om 0.84. A ninka da rabin amfa, bolt 0.42 sun ɓace. Abin da ya isa fedal bolt 4.58 ne, tun ba a ƙirga asarar da ake yi a bakunan haɗi biyu ba. Da lamba 24 ce mai wannan tsawon, asarar ba za ta kai bolt 0.2 ba.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne cin fedal ba tsayayye ba ne. Lokacin kunnawa yakan fizgi wuta da ƙarfi na ɗan lokaci. Fitilun fuska da yawan aikin da aka ɗora wa kwamfutar ciki su ma suna motsa lambar. Don haka waya mai rauni tana iya riƙe shi awa guda lami lafiya, sannan ta sake shi a daidai inda ba a so. Makaɗi sai ya ce ai jiya da wannan wayar ya yi aiki. Gaskiya ne, amma a bakin rami yake tsaye tun jiyan.

Shawarata: ku ware wa fedal wayarsa, gajera, wadda ba ta wuce mita ɗaya ba, mai kaurin ciki, ku ɗaura mata alama kada ta koma cajin waya a gida. Wayar ƙari, wadda ake jonawa don a samu tsawo, ku rabu da ita. Ƙa'idar USB 2.0 ta yarda da tsawon mita 5 don bayanai, amma wuta takan gaza tun kafin a kai can.

Sai bakin haɗi. Ƙaramin ramin nan da ake kira micro-B an tsara shi ya jure sawa da cirewa sau 10,000, amma ba a tsara shi don a taka wayarsa da takalmi a dandali ba. Ku kunna fedal, ku riƙe kan wayar ku girgiza shi a hankali. Idan fuskar ta ƙifta, ku sauya waya ku sake. Idan wayoyi biyu masu kyau duk sun yi haka, dalmar da ta riƙe ramin ce ta tsage, wannan kam aikin mai gyara ne. Kafin ku yanke wannan hukunci ku haska tocila cikin ramin. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a can ƙurya su hana kan wayar shiga har ƙarshe. A cire duk wuta, a sa tsinken sakace na itace a tono a hankali. Kada a sa allura ko fil.

Inda wutar ke fitowa

Idan waya ta fita daga zargi, sai a koma ga tushe.

Ramukan da ke gaban babbar kwamfutar tebur sun fi na baya rauni, domin wata siririyar waya ce ke kawo musu wuta daga cikin akwatin. A gwada na baya. Ɗan akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu kuma, idan ba shi da adaftar kansa, miliamfa 100 kawai ƙa'idar USB 2.0 ta ba kowane raminsa. Fedal ba zai rayu a kan haka ba. Wayar salula ma, idan aka haɗa fedal da ita don ɗaukar sauti, wutar da take fitarwa kaɗan ce. A ba fedal batir ko adaftarsa, a bar USB ya ɗauki bayanai kawai.

Cajar waya tana iya yi, in ta kirki ce. Ta jabu matsala biyu gare ta: abin da aka rubuta a jikinta ba shi take bayarwa ba, kuma wutarta ba a tace take ba, sai a ji tsiwa a lasifika. Ku lura da nauyinta da zafin da take yi.

Fawabanki ya fi dacewa da yanayinmu, musamman a wurin bikin da janareta ke hawa da sauka. Mai miliamfa-awa 10,000 yana ɗauke da kimanin wat-awa 37, domin batirin cikinsa bolt 3.7 ne. Idan aka cire asarar juyawa, zai riƙe fedal mai cin wat 2.5 kusan awa 12. Amma yana da hali guda da ke ba makaɗa mamaki. An ƙera shi don cajin waya, saboda haka idan ya ga abin da ake ja ya yi ƙasa sosai, yakan ɗauka caji ya cika, ya kashe kansa. Ƙaramin fedal mai cin wuta kaɗan sai ya kunnu, bayan 'yan daƙiƙu ya mutu, kullum a kusan lokaci ɗaya. Wannan daidaiton lokacin shi ne alamar. Gazawar waya ba ta da lokaci, kashewar fawabanki kuwa kamar agogo take. Wasu fawabanki suna da tsarin ƙaramar wuta, sau da yawa ana shiga shi da danna maɓalli sau biyu ko riƙe shi. A duba takardarsa.

USB-C ma da nasa tarkon. Caja mai ramin C ba ta sakin wuta sai ta tabbatar akwai mai karɓa a ɗaya ƙarshen, kuma tana ganewa ne ta wasu ƙananan tirjiya na om 5,100 da ya kamata a dasa cikin na'urar. Wasu na'urori masu araha ba a sa musu ba. Sai ka ga fedal ya ƙi kunnuwa sam da waya mai kan C gaba da baya, amma ya tashi nan take da waya mai faffaɗan kai na da a ɗaya gefen. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi.

Wayar da ke ɗaga bolt 5 zuwa 9

Ana sayar da wata waya mai ɗan kumburi a tsakiya, wadda ke karɓar bolt 5 na USB ta fitar da bolt 9 don fedal ɗin da ba shi da hanyar cin wuta ta USB. Dabara ce mai amfani, sai dai ba ta ƙirƙiro wuta daga babu. Fedal mai cin miliamfa 500 a bolt 9 yana bukatar wat 4.5. Idan na'urar juyawar tana isar da kashi 85 cikin ɗari na abin da ta karɓa, sai ta ja kusan wat 5.3, wato sama da amfa ɗaya a bolt 5. Ramin wat 2.5 an ɗora masa ninki biyu da ɗoriya. Irin wannan haɗi yana bukatar fawabanki ko caja mai amfa 2.

Ku kuma duba kan wayar kafin ku soka. Yawancin fedal, bisa tsarin da Boss ya yaɗa, tsakiyar kan wayarsu mai alamar ragi ce, wajen kuma mai alamar tarawa. Yawancin sauran kayan lantarki, irin su na'urar raba intanet, akasin haka suke. Akwai ɗan zane a jikin fedal da jikin adafta da ke nuna wannan, dole su zo ɗaya. A nan kuskure ba ƙiftawar fuska yake kawowa ba, yana iya ƙona fedal. Haka nan wayoyin da ke tilasta wa caja mai saurin caji ta fitar da bolt 12 ko 20, kada su kusanci fedal mai bolt 9.

Gunji da tsiwa

Yanzu a ce fedal na aiki, amma da an soka USB cikin kwamfutar tafi-da-gidanka sai lasifika ta ɗauki ƙara. Ku saurari irin ƙarar. Gunji mai kauri wanda ba ya motsi na wutar gida ne, wadda a Najeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Mai kaɗa bas zai gane shi, domin ya yi kusa da sautin G na tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta uku. A kan janareta yakan ɗan hau ya sauka idan an kunna wani abu mai nauyi. Tsiwa mai siriri kuwa, wadda ke sauyawa idan an motsa linzami ko an buɗe manhaja, daga cikin kwamfutar take.

Ga dalilin. Wayar USB tana haɗa ƙasan kwamfuta, wato layinta na wayar ƙasa, da ƙasan fedal. Wayar sauti tana haɗa ƙasan fedal da na amfilifaya. Kwamfuta da amfilifaya kuma kowanne ya koma soket. Zobe ya rufe ke nan, kuma 'yar ƙazamar wutar da ke zagaya zoben tana ratsa hanyar sauti.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Ku fara rage maɓallin sautin jita har ƙarshe. Idan ƙarar ta tafi, jitar ce ke tsinto ta daga iska, sai a matsa nesa da kwamfuta da adaftoci. Idan tana nan, ku zare cajar kwamfutar ta koma kan batirinta. Ta yi shiru? Kun kama zoben. Maganinsa hawa-hawa ne: a haɗa kwamfuta da amfilifaya da fedal a soket ɗaya, a ɗauki sauti a kan batir, a sa akwatin DI mai taransifoma tsakanin fedal da mikisa a danna maɓallinsa na raba ƙasa, ko a sa na'urar keɓe USB. Game da ta ƙarshen, masu arahar ba su wuce gudun megabit 12 a daƙiƙa, don haka fedal mai bukatar megabit 480 ba zai bayyana ta cikinsu ba, kuma wutar da suke wucewa da ita kaɗan ce.

Akwai magani ɗaya da nake roƙonku kada ku yi, ko wa ya ba ku shawarar: karya ko cire ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya. Gunji zai iya tafiya, amma tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta wayar sauti. Ranar da wuta ta zube a jikinsa, ba ta da hanyar zuwa ƙasa sai ta jikin makaɗi. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a kan dandali a Swansea bayan ya taɓa makirufon da wuta ta kama. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, ya rasu a gidansa wuta ta ja shi yana kaɗa jita. Gidaje da wuraren taro da yawa a wajenmu soket ɗinsu ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, janareta ma sau da yawa haka. Duk wanda ya ji makirufo na cizon leɓensa yana riƙe da jita, ya ajiye jitar, a kashe kayan, a kira mai aikin lantarki.

Idan bayanai ne suka yanke

Wannan ya fi sauƙi. Windows yakan sa ramin USB barci don tanadin batir. A shiga Device Manager, a buɗe jerin Universal Serial Bus controllers, a shiga kowane USB Root Hub, a shafin Power Management a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi. A Power Options kuma a kashe USB selective suspend. Idan fedal bai ɓace ba amma sautin da aka ɗauka yana ƙas-ƙas, a sa direban kamfanin fedal ɗin, a ƙara girman bafa a manhajar ɗaukar sauti.

Kada ku sabunta manhajar cikin fedal muddin ba ku gama da matsalar wuta ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, fedal na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Sai da cikakken batir a kwamfuta, da waya tabbatacciya, kai tsaye ba ta akwatin raba rami ba.

Misali daga teburin mai gyara

A ce wani matashi ya kawo fedal shagon mai gyara.

"Maigida, fedal ɗin nan ya lalace. Ana cikin kiɗa sai ya mutu ya dawo."

"Da me kake ba shi wuta, samari?"

"Da fawabanki, ranka ya daɗe. Sabo ne ma."

"Ina wayar da kake haɗawa? Ita nake so, ba wata ba."

Mai gyaran bai ɗauki sukudireba ba. Ya zare USB, ya sa sababbin batura, ya haɗa jita, ya bar yaron ya yi ta kaɗawa yana tattaka maɓallai. Fedal bai ƙifta ba. Da wannan gwaji ɗaya ya wanke cikin na'urar. Sai ya ɗauko ɗan ma'aunin USB, mai girman ɗan yatsa, ya soka a fawabanki, ya haɗa doguwar wayar yaron a bayansa. Fuskar ma'aunin ta nuna bolt 5.05, amfa 0.38. Yaron ya ce to ai wuta lafiya lau.

"A bakin fawabanki muka auna," in ji mai gyaran. "Bari mu ga abin da ke isa can."

Ya mayar da ma'aunin ƙarshen wayar, kusa da fedal, da 'yar gajeriyar mahaɗa. Lambar ta sauka zuwa 4.5, tana rawa. Ya sauya da gajeriyar waya mai kauri, bai taɓa komai ba bayan ita, lambar ta tsaya a 4.9.

Ku lura da tsarin aikinsa. Ya nemi ainihin kayan da matsalar ke faruwa da su. Ya fara raba fedal da USB gaba ɗaya. Ya auna a inda wuta ke sauka. Bai sauya waya da fawabanki a tare ba, domin da ya yi haka matsalar ta tafi, ba zai san wanne ne mai laifi ba, yaron kuma zai iya mayar da mugun cikin jakarsa. Ku sani kuma ma'aunin nan a hankali yake sabunta lambarsa, faɗuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba tana iya wuce shi. Da fedal ɗin ya ci gaba da mutuwa a kan sababbin batura, babu USB a jikinsa, a nan ne ya dace a kwance shi.

Aiki

1. Waya mai tsawon mita 3, lambar AWG 28, fedal na cin miliamfa 400, tushen wuta bolt 5. Bolt nawa ke isa fedal? Ku nuna lissafinku.

2. Fedal na cin miliamfa 300 a bolt 9, ana ba shi wuta ta wayar ɗaga bolt mai isar da kashi 85 cikin ɗari. Ramin USB 2.0 zai ɗauke shi? Na USB 3.0 fa?

3. Wata mawaƙiya ta ce ƙaramin fedal ɗinta yana mutuwa duk bayan rabin minti a kan fawabanki, amma ba ya mutuwa a kan cajar waya, da waya ɗaya. Me kuke zargi, kuma me za ku ce ta gwada?

4. Ku zo aji na gaba da wayoyin USB biyu daga gida, da matacciya guda wadda za a yanka. Ku rubuta tsawon kowacce da duk lambar da ke jikin robarta. Za mu auna su bibbiyu a kan fedal ɗaya da tushen wuta ɗaya.